Takardar da Na Karanta wa Yaya

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta, ita ce shekarar da aka miƙa mani alli. Na gama aji bakwai a Ƙanƙara, a hannun goggona, na yi shekara biyu ina taya ta suyar ƙosai, sai aka fara cigiyar duk wanda ya iya karatu da rubutu. Makarantu sun tsiro a ƙauyuka, malamai kuwa babu. Aka tara mu, aka yi mana horo na 'yan makonni, aka rarraba mu. Ni Tafoki aka tura ni, ta ƙasar Faskari, aka ba ni yaran da suka fi ƙarfin inuwar da muke zama a ƙarƙashinta.

Gidanmu yana bayan Ƙetare, irin gidajen manoman nan da ke zaune su kaɗai a tsakiyar gonakinsu. Baba yana kan al'adar kakanni, ba ya shuka sai ya yanka kaza a gindin tsamiyar bayan gida. Ni goggo ta saba kai ni coci. Yaya kuma, babban ɗan gidan, ya koyo salla a tashar Funtuwa. Tuwo dai ɗaya muke ci. Abin da kowa ya yarda da shi a gidan shi ne, ni ce mai Turanci. Ko kwalin magani aka samu, ajiye shi ake yi sai na zo hutu. Ni ma na yarda da hakan fiye da kowa.

Yaya manomi ne na gaske. In aka yi gayya, shi ke fara kaiwa ƙarshen kunya ya juyo ya tarbi na baya. Amma rani biyu ya yi yana karen mota, har ya iya tuƙi, ya samu lasin, daga nan zama ya gagare shi. Ba shi kaɗai ba ne. Lokacin kuɗin mai ne, kowa ƙafarsa ɗaya a waje take. Saurayi zai fita da ɗan ƙunshinsa, bayan wata shida ya dawo da rediyo a kafaɗa da agogo a hannu, ya zauna bakin kasuwa yana ba da labarin Kaduna. Tifa da katafila suna ta wucewa, ana fasa hanyoyi ta ko'ina. Yaya in ya ji ƙarar babbar mota daga nesa, sai ya tsaya da abin da yake yi har sai ƙarar ta ɓace.

Da rani ya ji labarin wani kamfanin hanya da ya kafa sansani ta wajen Sabuwa, ofishinsu kuma yana Kaduna. Ya hau keken Baba ya same ni har Tafoki, ya ce in rubuta mashi takardar neman aikin direba. Na rubuta sau uku kafin na samu wadda ba gogewa a cikinta. Muka sa adireshin wani Alhaji mai kanti a Ƙanƙara, domin a kantinsa wasiƙun mutanen yankinmu ke sauka.

Amsa ta zo ina gida hutu, ana ta zafin bazara, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Yaya ya shigo da ita da la'asar, ya riƙe ta da hannu biyu. Ambulan fari ne mai tambarin kamfani, an buga sunansa da keken rubutu. Baba yana zaune kan buzunsa a rumfa. Inna ta ajiye taɓarya ta matso. Matar Yaya ta tsaya bakin ɗaki da goyo.

Sai da na fara karanta ta da Turanci, da ƙarfi, don kowa ya ji, alhali ba mai fahimta. Layin farko godiya ce, na gane. A layi na biyu akwai wata kalma da ban taɓa gamuwa da ita ba, da wasu biyu da nake shakka. Na tsallake su kamar yadda ake tsallake kududdufi, na ce ai duk cikin gaisuwar ofis ce. Layi na uku shi ya fi sauƙi, duk kalmominsa na san su in ban da ɗaya, ita ma na gane ta daga abin da muka nema:

"If we had a vacancy, we would employ you at once."

Na ɗago kai na ce masu, "Sun ce idan suka samu gurbi, za su ɗauke ka nan take."

Yaya ya ce in sake faɗa. Na sake. Har na ƙara da cewa yadda suka rubuta kalmar samu, kamar ma abin ya kusa, domin da siffar abin da ya riga ya wuce suka rubuta ta. Haka na fassara wa kaina a lokacin. Baba ya gama murza tabarsa, sannan ya tambaya ko sun faɗi rana. Na ce ba su faɗa ba. Ya gyaɗa kai. Inna ta ce Allah ya sa alheri ne, ta koma kan turminta. Ni kuwa jimlar ta burge ni ƙwarai, har na kwafe ta a bayan littafina, in riƙa koyon yadda manyan ofis ke tsara magana.

Daga ranar Yaya ya zama baƙo a gidansu. A wajenmu akwai gandu, babbar gonar gida da kowa ke yi wa aiki, akwai kuma gayauna, 'yar gonar da mutum ke nomawa don kansa da iyalinsa. Da ruwan shuka ya sauka, Yaya ya fita gandu kamar kowa, amma gayaunarsa ya ba ɗan baffanmu ya noma, ya ce ba zai shuka abin da ba zai tsaya ya nome ba. Matarsa ta yi magana, ya ce mata kafin gero ya fitar da kai tana cin shinkafar kanti. Ya sa tela ya ɗinka mashi kakin direba, ya ninke shi cikin jaka tare da lasin, ya rataye jakar bayan ƙofa. Duk ranar kasuwar Ƙanƙara sai ya bar gona ya hau keke ya tafi kantin Alhaji ya tambayi wasiƙa. In ya dawo ba a tambayarsa, yadda ya jingine keken ya isa amsa.

Ina Tafoki nake jin waɗannan labarai daga bakin masu zuwa kasuwa, ni ma hankalina ba a kwance yake ba. Ina cikin koyar da ba be bi bo bu, sai in tsinci kaina ina lissafin ko yau ce ranar. Na riga na gaya wa sauran malamai cewa yayana ya samu aiki da kamfani, kira kawai yake jira.

A cikin wannan jiran ne Alhaji mai kanti ya sayi sabuwar a-kori-kura don kai hatsi Funtuwa. Da ya ga Yaya kullum a ƙofar kantinsa, kuma ya san hannunsa a mota, ya ce ya zo ya riƙe mashi ita. Yaya ya yi godiya, ya ce ba ya son ya karɓi amanar mutum ya yi sati biyu ya ajiye, tunda kamfani na iya kiransa kowane lokaci. Alhaji ya ba shi kwana bakwai ya yi shawara. Yaya ya aiko a tambaye ni ko na tabbata da abin da na karanta. Na aika mashi cewa na tabbata, in ma yana so in rantse. Aka ba wani motar.

Da aka yi dogon hutu, cikin tsakiyar damina, aka kira irinmu malaman da ba su da takardar koyarwa zuwa kwas a Faskari. Mun cika aji biyu, maza suka fi yawa, mu mata aka sauke mu gidan wata ungozoma. Wanda ke koya mana Turanci wani dattijo ne da ya yi hedimasta shekaru da yawa ya ajiye aiki, aka sake roƙo shi ya dawo. Siriri ne, gemunsa fari, ba ya duka kuma ba ya tsawa, amma in ka yi kuskure zai dube ka har sai ka gwammace duka. Malam kawai muke ce mashi.

Wata safiya ruwa ya kama shi a hanya. Ya shigo da tsohon kekensa har cikin aji, rigarsa tana ɗiga, ya matse hularsa a bakin taga. Bai gaishe mu ba ya ɗauki alli ya rubuta:

"If I had a car, I would not come to class wet."

Ya juyo ya ce wa zai fassara. Wani daga cikin mazan ya tashi ya ce, idan na samu mota, ba zan zo aji a jiƙe ba. Yawancinmu muka gyaɗa kai, har da ni. Malam ya tambaye shi, shin mai wannan magana yana sa ran mota? Ya ce ƙwarai. Malam ya nuna keken da ke zubar da ruwa a ƙasa, ya ce shekararsa talatin a kan wannan, kuma a kansa za a kai labarin rasuwarsa.

Sannan ya yi mana bayani a hankali, da Hausa. Ya ce Bature yana da kalma ɗaya a inda mu muke da biyu. Mu muna da "idan", muna da "da". Idan, ƙofa ce a buɗe, abin yana iya faruwa. "Da" kuwa, mai faɗinta ya san abin babu shi. Bature in zai ce "da", ba ya canja kalmar farko, sai ya mayar da aikin siffar abin da ya wuce, ya sa "would" a ɗaya gefen. Ya rubuta jimla ta biyu ƙarƙashin ta farko, mai "have" da "will", ya ce wannan ita ce idan. Ya ja layi tsakaninsu. Ya ce ta saman, a Hausar kakanninmu, ita ce: da ina da mota, da ban zo aji a jiƙe ba.

Aji ya yi dariya, aka fara kawo misalai. Wani ya ce da shi ne gwamna, wani ya ce da yana da fiffike. Ni ban ji sauran ba. Hannuna ya buɗe bayan littafina tun kafin in yi niyya. Ga jimlar nan da rubutuna mai kyau, har na yi mata ado da jan biro. Na dubi allo, na dubi littafi. Na sake duba allo. Na yi ta neman wani bambanci, ko harafi ɗaya, ban samu ba.

Da aka tashi tara, na tsaya har kowa ya fita. Na kai mashi littafin na ce a wani littafi na ga wannan, ina so in ji ma'anarta. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ba daga littafi take ba, ɗiyata. Wa aka rubuta wa?"

Na gaya mashi gaskiya, amma ban faɗi zancen gona da motar Alhaji ba. Ya tambaye ni abin da ke layin da ya gabace ta. Na tuna siffar kalmar da na tsallake, na rubuta mashi ita yadda na iya. Ya gyara mani harafi ɗaya, ya ce ma'anarta muna baƙin cikin sanar da kai. Ya ce takardar sallama ce cikin ladabi. Gurbi babu, kuma ba su ce suna sa ran samu ba. Abin da suka ce shi ne, da suna da shi, da sun ɗauke shi.

Na tambaye shi ko dai akwai yadda za a iya fahimtar ta ta ɗaya hanyar. Ya ce babu. Ya ƙara da cewa ba ni ce farkon wadda wannan jimla ta kayar ba, kuma laifin na waɗanda suka ba mu alli ne kafin su ba mu ilimi. Ya faɗa ne don ya sanyaya mani rai, amma ni na san layin da na tsallake, kuma na san ba wanda ya hana ni cewa ban sani ba.

Ranar Talata ce. Ba a barin mu fita sai Asabar. Waɗannan kwana huɗu ban san me aka koyar ba. In na zauna sai in ji kamar in tashi, in na tashi ban san inda za ni ba. Ungozoma ta ɗauka zazzaɓi ne, ta dafa mani ganyen darbejiya. Na rubuta wa Yaya wasiƙa da Hausa, na yage, domin wa zai karanta mashi in ba wani ba, kuma kafin in isa labari ya zaga gari. Na yi tunanin in yi shiru kawai, in bar jiran ya mutu da kansa, kowa ya ce kamfani ne ya yi ƙarya. Wannan shawara ta fi kowace daɗi, na kwana biyu ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne keken nan da ake jinginewa duk ranar kasuwa. Ban san sau nawa zai ƙara tafiya ba.

Asabar da sassafe na fita. Mota ɗaya ta sauke ni a mararraba, na jira wata har rana ta take, na ƙarasa Ƙetare a bayan babur, na taka sauran da ƙafa ta cikin dawar da ta kai mani kafaɗa. Inna ta yi mamakin ganina. Na ce kewa ce ta kawo ni. Yaya ya dawo daga gona, muka gaisa, ya tambaye ni karatu, ya ce ko a Faskari na ji labarin kamfanin. Na ce ban ji ba. Ranar ban faɗa ba.

Washegari na karɓi kwanon fura daga hannun matarsa na ce ni zan kai gona. Na same shi shi kaɗai a ƙarshen gandu yana huɗa, Baba yana can nesa. Na jira ya sha, ya goge baki. Sannan na durƙusa a kan kunya.

"Yaya, takardar nan ban karanta maka ita daidai ba. Ba su ce za su kira ka ba. Cewa suka yi da suna da gurbi, da sun ɗauke ka. Babu gurbin."

Ya tambaya wa ya faɗa mani. Na ba shi labarin Malam da allo da layin da aka ja. Ya ce shi Malamin ya ga takardar da idonsa? Na ce jimlar kawai ya gani. Sai ya ce to ai shi ke nan, mutum ba ya yanke hukunci kan abin da bai gani ba, kuma ni da na ga tambarin na riƙe takardar da hannuna na fi shi sani. Na ce Yaya, ni ce na yi kuskure. Ya ce a'a, yanzu ne nake kuskure, tsoho ya ruɗa ni. Ya ɗauki garmarsa ya ci gaba da huɗa, da ƙarfin da ya fi na ɗazu, ƙasa tana tashi har bisa ƙafafuna.

Da yamma ya same ni a bayan rumbu ya ce in shirya, gobe za mu Sabuwa, a karanta takardar a gaban waɗanda suka rubuta ta. Na ce ina da kwas ranar Litinin. Ya ce shi ma yana da gona.

Tafiyar ta ci mana yini guda. Sai da muka bi ta Funtuwa muka sake mota, daga nan hanya ta zama taɓo da ramuka. Yaya bai yi mani magana ba sai abin da ya zama dole. Takardar tana aljihun gaban rigarsa, lokaci lokaci yana taɓa ta. Muka isa sansanin da azahar. An kewaye fili da waya, tifofi a jere, ga tulin tsakuwa kamar duwatsu, ga warin kwalta. Na ga yadda idon Yaya ke bin motocin ɗaya bayan ɗaya. Mai gadi ya hana mu shiga, sai da Yaya ya nuna mashi tambarin da ke kan ambulan.

Akawun wani mutum ne mai ƙiba, daga kudancin lardin Zazzau, Hausarsa tana da ɗan gargada amma tana fita. Ya karɓi takardar, bai ma karanta ta har ƙarshe ba. Ya jawo aljihun teburinsa ya fito da wasu takardu masu yawa, ya ɗora mana a gaba. Duk iri ɗaya ne da tamu, kalma da kalma, sai dai an bar wurin suna fari. Ya ce Kaduna ce ke aiko masu da su, duk wanda ya nemi aiki ita ake ba shi. Direbobinsu tare da motocin suke zuwa, kuma da an kai gada aikin wannan sansani ya ƙare, za su kwashe su yi gaba. Bai yi mana dariya ba. Ya ce in Yaya yana son aikin lebura na yini, ana ɗauka kowace safiya a bakin ƙofa.

Yaya ya ɗauki ɗaya daga cikin fararen takardun ya kara ta da tasa, shi da bai iya karatu ba, yana bin layukan da yatsa. Ya mayar. Ya yi wa akawu godiya, ya ce mahaifinsa na jiransa a gona. Tasa takardar ya bar ta nan kan tebur.

A hanyar dawowa muka samu wata tsohuwar babbar mota mai ɗauke da itace da mutane. Ba mu yi nisa ba ta faɗa wani kwari ta kafe. Direban yaro ne sabon hannu, yana ta taka mai, taya na juyawa tana ƙara nutsewa. Aka sauke mu, maza suna turawa, taɓo na fesa masu. Yaya ya tsaya gefe ya harɗe hannu har ya gaji da kallo. Sai ya je ya yi wa direban magana a hankali, ya sa aka sassaro rassa aka cusa ƙarƙashin tayoyin baya, ya hau ya zauna. Ya ɗan yi baya, ya ɗan yi gaba, sau uku, kamar mai lallashin jaki, sai ga mota ta fito. Mutane suka yi ta sa mashi albarka. Wani dattijo ya tambaye shi motar wa yake ja. Ya ce shi manomi ne.

Muka koma bisa itacen muka zauna. Sai da muka hango fitilun Funtuwa, magariba ta kawo jiki, sannan ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Da kin ce mani akwai abin da ba ki gane ba, da na kai wa wani ya duba. Ba abin kunya ba ne."

Na ce haka ne, Yaya. Kuka ya zo mani, na juya fuska wajen daji. Ya bar ni na yi, da muka sauka a tasha ya saya mani rake.

A gida shi ya yi bayani, ya ce kamfanin ba su da wuri, bai ambaci sunana ba. Baba ya saurara, ya ce to, gobe akwai sauran huɗa ta gefen rafi. Amma matar Yaya ta sani, domin ta ji mu a bayan rumbu. Ba ta zage ni ba. Gaisuwa kawai ta rage tsakaninmu, ita ma a taƙaice, har tsawon wannan shekara. Na koma Faskari na tarar an yi jarrabawar gwaji ba ni, aka kira ni ofis aka yi mani faɗa. Malam ya ga dawowata bai tambaye ni komai ba, sai dai ranar da aka rufe kwas ya ba ni wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire, ya ce in riƙe.

Da kaka ta yi, gayaunar Yaya ta yi kyau a hannun ɗan baffanmu. Ya kawo dami biyu na dawa don kunya, sauran ya zuba a rumbunsa, kuma hakkinsa ne. Ɗakin Yaya ya shiga rani ba shi da nasa hatsi, sai abin da Baba ya ɗebo masu daga na gandu. Motar Alhaji kuwa kullum tana wucewa ta bakin hanya da buhuna, wani yana ja.

Wata rana ina gida, aka kawo wata takarda daga ofishin gona kan rabon takin zamani. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake. Yaya ya karɓa, ya juya ta, ya ninke ya sa a aljihu. Da yamma ya hau keke ya kai wa malamin asibitin Ƙetare ya karanta mashi. Inna ta dube ni, na ci gaba da tsintar wakena.

Bayan an gama sussuka ya ce zai tafi Kaduna, ba takarda, ba wanda ya kira shi. Baba bai hana shi ba, ya ce dai ruwan farko ya same shi a gida. Ni na ɗaukar mashi jaka zuwa bakin hanya. Muka daɗe a tsaye, yana ta leƙen hanya, yana canja ƙafa. Da mota ta tsaya ya jefa jakar sama, ya ce in gaya wa Inna akuyar nan mai ciki kada a bar ta ta kwana waje, ya kama ƙarfe ya haye.

Ruwan farko bai same shi a gida ba, na biyu ma haka. Ya yi dakon siminti wata takwas kafin wani mai gidan burodi ya ba shi motar rabo, daga baya ya ja bas tsakanin Funtuwa da Zariya. Ya ɗauke matarsa, suka haifi yara uku a can. Sai da gwiwoyin Baba suka gaza, kuɗin man ma ya ja baya, motoci suka fara kwanciya don rashin kayan gyara, sannan ya dawo ya karɓi gandu. Ni kuma shekarar da ta biyo bayan tafiyarsa na nemi kwalejin horon malamai, aka ƙi ni, na sake nema aka ɗauke ni. Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa, yawanci a ƙauyukan da ke tsakanin Ƙanƙara da Faskari, kuma Turanci aka fi ba ni.